Kujerar da Baba Ya Saya wa Fatihu

Bara da ruwa ya shigo garinmu, a baro aka fitar da Baba. Baro fa, irin wanda ake kai taki gona da shi. Ni Yelwa ina biye da ƙullin kayansa a ka, ina kallon ƙafafunsa suna reto ta gaba, samarin unguwa suna turawa cikin taɓo suna nishi, ɗaya har yana cewa a yi hankali da kwana. Ba da mugunta suka yi ba, Allah ya saka musu da alheri. Amma Malam Gwadabe ne fa, mutumin da kafin ɓarin jikinsa ya shanye shi kaɗai yake cicciɓar buhun shinkafa ya aza wa jaki. Jama'a sun yi cirko-cirko a lungu suna kallo, shi kuwa ya ja bakin rigarsa da hannun da ke motsi ya rufe fuska.

Ƙanena Fatihu, ɗan Baba namiji tilo, yana can tsaye a kan jingar da ke tare mana kogi, ya riƙe ƙugu da hannu biyu kamar mai tsohon ciki. Da sassafe ya baro Haɗeja da jin labari, ya shigo ɗaki a guje, ya sunkuya zai ɗauki Baba daga tabarma, sai bayan ya riƙe. Ko miƙewa sai da aka kama shi. Saurayi ne da ƙuruciyarsa, bai taɓa faɗowa daga itace ba, mota ba ta taɓa buge shi ba, amma ga shi nan.

A makarantar firamare da ke kan tudu muka yi zaman gudun ruwa. Baba ya juya fuska ga bango, abinci sai na yi da gaske yake karɓar loma biyu. Da ruwa ya janye muka koma gida, ya kira ni ya ce:

"Baɗi in ya zo, a bar ni a ɗakina. An gama tura ni."

Na san Baba, ba ya maimaita magana. Fatihu ya roƙe shi ya koma gidansa na Haɗeja tun kafin damina, ya ƙi. Baba ya taɓa gwada zaman can, bai yi sati ba ya ce katanga da fanka za su kashe shi, ba ya jin kogi, a mayar da shi. Kuma ruwa zai dawo, wannan kowa ya sani. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogin ba shi da wurin zuwa sai kanmu. Tun daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Ana cikin girbin shinkafa na ɗaura gyale na hau mota sai Haɗeja. Fatihu yana aiki a ofishin wani kamfani da ke sayen shinkafa a hannun manoma, aikinsa shi ne zama gaban kwamfuta yana shigar da abin da aka auna. Ban taɓa shiga ofishin ba sai ranar. Ina ɗaga labule na gan shi ya nutse cikin wata ƙatuwar kujera mai laushi, irin ta falon masu kuɗi, gwiwoyinsa sun fi ƙugunsa tudu, teburin ya kai masa ƙirji, ya miƙo wuya gaba yana leƙen kwamfuta kamar kaza tana shan ruwa.

Na san kujerar. Ranar da aka ƙara masa girma, Baba ya sayar da ragon da yake ji da shi, ya sa kafinta ya yi ta, ya ce a cika mata soso kada a yi rowa. A keke mai ƙafa uku aka kai ta ofis, kusan rabin garinmu sun je gani. Duk wanda ya zo gaishe da Baba sai ya ji labarinta. Kullum maganarsa ita ce shi ya sunkuya a fadama tun yana yaro domin ɗansa ya zauna, kuma ga shi ya zauna.

Ya zauna kuwa, har ya wuce misali. Akwai wani dattijo masinja, Malam Inuwa, mutumin kirki amma ladabinsa ya yi yawa. Fatihu ya ɗan motsa zai ɗauko takarda, Inuwa ya riga shi. Ya ce ruwa, ga kofi a gabansa. Abinci a teburi, buta har bakin ƙafa. Tun da bayan ya fara ciwo ma sallar a kan kujerar yake yi. In ya zo garinmu hutun ƙarshen mako haka ne, ba a barinsa ya ɗauki ko tabarma, yara su karɓe jaka, Baba yana daga ɗaki yana faɗa wai kada a bar ma'aikaci da kaya. Girmamawa ce tsakani da Allah, amma ita ta mayar da yaron nan kamar dafaffiyar kuɓewa.

Na jira Inuwa ya fita, na ce wa Fatihu baɗi shi zai goya Baba.

"Yaya, kin dai ga yadda nake," in ji shi.

"Na gani. Shi ya sa na zo tun yanzu."

Ya fara lissafa mini abin da ya gwada: man zafi, ƙaho, allura, jiƙo, har wata ɗamara da wani mai talla ya liƙa masa a tasha. Na ce ni ban zo jin tarihi ba. Na gaya masa abin da Baba ya ce, na ce in ya ga dama ya ci gaba da nutso a soso, ranar da ruwa ya ci mahaifinsa sai ya karɓi gaisuwa a zaune. Na san maganar ta yi zafi, kuma da gangan na yi. Idonsa ya kawo ruwa.

Matarsa Radiyya ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti, sashen masu gashin ƙashi. Ita ta ba ni labari a waya. Likitar, wata mace mai suna Umaima, ta dudduba shi, ta sa shi ya kwanta ya tashi, ta ce ba abin da ya karye ko ya goce. Sai ta ce ya nuna mata hoton inda yake zama. Da ta ga kujerar wai sai da ta cire tabarau. Ta ce ya nemi kujera mai tauri mai jingina, wadda tafin ƙafarsa zai zauna daram a ƙasa, ya naɗe ɗan tawul ya sa a ƙugu, ya ɗora kwamfutar a kan wani abu ta zo daidai idonsa. Kada ya yi dogon zama, da an ɗan jima ya miƙe ya taka. Ta koya masa wasu motsa jiki da zai riƙa yi a kan tabarma safe da yamma. Da ya tambaye ta ko zai iya goya mutum, ta ce a hankali, ya fara da abu marar nauyi, kuma in zai ɗaga ya tsuguna ya tashi da gwiwa, bayan yana miƙe, kada ya sunkuya. In kuma ya ji ƙafa tana mutuwa ya dawo maza.

Na ce to, ai wannan mai sauƙi ne. Ashe ban san komai ba.

Fatihu ya tura kujerar Baba kusurwa, ya jawo ta katako wadda baƙi ke zama a kai. Malam Inuwa ya shigo ya gani, ya tsaya kamar an yi masa mutuwa, ya tambaya ko wani laifi ya yi. Daga nan tsere ya fara. Fatihu ya miƙe zai ɗebo ruwa, tsohon ya zabura ya riga shi. Ya ce zai taka zuwa masallacin da ke can bakin titi, Inuwa ya biyo shi da lema. Sai da Fatihu ya zaunar da shi ya rantse masa cewa likita ce ta sa, sannan ya haƙura, kuma ko a haka ɗin ma yana haƙurin yana girgiza kai.

Manoman da ke kawo shinkafa kuwa ba wanda ya zaunar da su. Suna leƙowa su ga Fatihu a kujerar baƙi, wani lokaci ma a tsaye yana danna kwamfuta, babbar kujera tana kusurwa ba kowa a kai. Me kake so su ce? Kafin a ci kasuwa biyu labari ya iso garinmu cewa an sauke ɗan Malam Gwadabe. Wani ya ce shi da idonsa ya gan shi yana ɗebo wa kansa ruwa. Dattawa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Baba jaje, suna cewa aiki ai na Allah ne. Ina tsakar gida ina banda kifi ina ji, raina kamar ya fashe.

Da Fatihu ya zo ranar Asabar ya durƙusa gaisuwa, Baba ya amsa da ƙyar. Fatihu ya yi bayani cewa ba wanda ya sauke shi, kujerar ce ke sa masa ciwo. Wannan ya fi na farkon muni. Baba ya dube shi ya ce wato abin da ya sayar da ragonsa ya yi masa shi ne cuta. Ya ce shi ya yi shekaru yana dashen shinkafa a sunkuye bai taɓa cewa baya ba, sai wanda aka shimfiɗa wa soso. Daga nan ya juya ga bango. Fatihu bai gaya masa dalilin da ya sa yake wannan wahala ba, ni ma na hana shi, don da Baba ya ji ana shirin goya shi da tun a lokacin zai rantse, in ya rantse kuwa an gama.

Ba a jima ba Radiyya ta kira ni tana kuka-kuka. Fatihu ya koma kujerar. Ya ce ba zai iya jure fushin Baba ba, gara ciwon. Ciwon kuwa bai yi wata-wata ba ya dawo, har takalmi ita ke sa masa. Lokacin zafi ya riga ya kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Kai, ranar na yi masifa ni kaɗai a tsakar gida har kaji suka watse.

Washegari na tafi Haɗeja, na tsayar da mai keke a ƙofar ofis, na shiga ko sallama ban gama ba na ce wa Fatihu ya tashi. Ya tashi. Na ce wa mai keken da Malam Inuwa su kama. Inuwa ya dubi Fatihu, Fatihu ya dubi ƙasa, aka kama. Daga keke zuwa saman mota, daga mota zuwa amalanke, kafin la'asar kujera tana ɗakin Baba. Na ce masa ga ta nan, ni na ɗauko, in da faɗa a yi da ni.

Bai yi faɗa ba, wanda na fi so ya yi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a ɗora shi a kai, tunda wanda aka yi dominsa ya raina. Daga ranar a kanta yake wuni, ni da maƙwabciya muke kama shi mu ɗora. Ya daina yi mini hira, in na kawo tuwo ya ɗan taɓa ya ture. Bayan ɗan lokaci na ji yana mita wai ƙugunsa yana damunsa da yamma. Na ce a raina, aikin soso ke nan.

Fatihu kuwa da ba kujerar komawa sai ya dage. Yana takawa zuwa ofis da safe, yana miƙewa a kai a kai, yana motsa jikinsa a tabarma. In ya zo ƙarshen mako, bayan ya gaishe da Baba an amsa masa a daƙile, sai mu zagaya bayan rumbu inda ba a gani. Da jarkar ruwa muka fara. Ya tsuguna, in ɗora masa a baya, ya tashi da gwiwa, ya je bakin darni ya dawo. Ranar farko ko rabin hanya bai kai ba ya ce in sauke. Na ce ranka ya daɗe, Baba ba jarka ba ne. Daga jarka muka koma rabin buhun shanshera, shinkafar da ba a casa ba, daga baya ya ce in ƙara, don shi a ransa Baba yana nan yadda ya san shi, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa. Wata rana ya yi kyau, wata rana ya zo yana ɗingishi ya ce ya yi dogon zama saboda aiki ya taru. Ni dai kullum idona yana kan sama da kan kogi.

Damina ta yi ƙarfi. Ruwa ya hau, ya shanye gonakin bakin kogi, ya zo ya jingina da jinga. Maza suna ta cika buhuna da ƙasa suna jerawa, a toshe nan ya ɓullo can. In na ɗora tukunya sai in manta, in fita in leƙa, in dawo, in sake fita. Na ɗaure kaya na kwance na sake ɗaurewa. Baba yana kan kujerarsa yana jan carbi kamar ba a garin yake ba.

Wata safiya, an idar da asuba gari ya fara haske, muka ji ihu daga wajen jinga. Ta ɓalle. Na kira Fatihu, ya ce ga shi nan. Kafin in kai kaya kan katanga ruwa ya shigo ta ƙofar gida, ja, mai sanyi, yana tafe da kara da takalman mutane. Bana ya fi na bara hanzari, ko baron ma ba zai turu ba. Samarin nan suka zo, suka ce za su ɗauke shi a hannu. Baba ya gode musu, ya ce su je su taimaki masu yara. Suka dube ni, na ce su tafi.

Na sake kiran Fatihu, ya ce hanya ta yanke, mota ta ajiye su nesa, yana neman kwalekwale. Na ƙara kira, wayar ba ta shiga. Ruwa ya haura dokin ƙofa ya shigo ɗaki, ya rufe tabarma, ya taɓa ƙafafun Baba. Ya ce in fita. Na ce ba inda zan je, in ruwan ya ga dama ya ci mu tare, kuma in mun je lahira ni zan fara kai ƙara. Ko murmushi bai yi ba. Na hau kan gado na zauna, na sauko, na leƙa lungu, na dawo. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Ina ta tunanin in yaron nan ya zo ya tsuguna bayan ya sake riƙewa fa.

Rana ta ɗaga sosai sannan na ji muryarsa. Shu'ibu masunci ne ya kawo shi, amma lungunmu ya yi wa kwalekwale ƙunci, ya tsaya a bakin masallaci. Fatihu ya shigo jiƙe sharkaf har ƙirji, ba hula, ba takalmi. Ruwan ɗakin ya kusa gwiwa. Bai tsaya gaisuwa ba, ya juya wa Baba baya, ya tsuguna a gaban kujerar, bayansa a miƙe, ruwa ya kai masa ciki.

"Tashi," in ji Baba. "Ban sa ka a boko don ka yi dako ba."

"Baba, saboda yau na bar kujerar nan."

Ana jin kwanuka suna karo da juna a tsakar gida. Baba ya dube ni, na kawar da kai.

"Ba sauke ka aka yi ba?"

"Ba wanda ya sauke ni."

"Bayan fa?"

"Zai ɗauka."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, ni dai na ga kamar shekara. Can sai Baba ya ajiye carbi a aljihu, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya zagaya wuyan Fatihu. Na yi maza na ɗaga ɗayan na ɗora masa a kafaɗa, na turo shi gaba daga cikin soson. Da a tabarma yake kamar bara, da sai an sunkuya an ɗago shi. Fatihu ya kama cinyoyinsa, ya ja numfashi, ya yunƙura da duk ƙarfin da ya tara don buhu.

Saura kaɗan ya kifa. Ya miƙe da sauri fiye da yadda ya zata, ya yi taga-taga, na riƙe su. Na ɗauka bayan ne, gabana ya faɗi. Sai ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta canza, ya ce a hankali:

"Yaya, ba shi da nauyi."

Ni na sani. Ni nake mayar da kwanon tuwo kusan yadda na kawo shi tun ranar baro. Shi kuwa ya yi watanni yana ƙara shanshera a buhu. Hawaye suka zubo masa, ba hannun sharewa, na sa bakin gyalena na goge masa, na ce ya wuce mu tafi kafin in fara nawa.

Muka fito lungu, ruwa har cinya, yana takawa a hankali yana laluben ƙasa da ƙafa, ina biye da ƙulli a ka. Mutane suna kan katangu da rufin ɗakuna suna jiran kwalekwale. Na zuba ido in ga ko Baba zai ja riga ya rufe fuska. Bai rufe ba. Ya ɗaga kai yana amsa sannu, har ya tsaya tambayar wani tsoho ko an fitar da awakinsa. Wata mata daga kan katanga ta ce wa ke ɗauke da Malam, Baba ya amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa Fatihu ne, na ofis.

A bakin masallaci Fatihu ya juya, ya tsuguna da gwiwa, Shu'ibu ya karɓi Baba ya zaunar a tsakiyar kwalekwale. Muka shiga. Shu'ibu ya ce in da wani abu mai muhimmanci a ɗaki a faɗa, zai sa a ɗora shi kan katanga in ya dawo. Na ce akwai kujera. Baba ya ce a bar ta.

Fatihu ya zauna a gabansa yana haki. Shu'ibu ya dafa gora ya tura, muka bi ta kan gonakin da ruwa ya shafe. Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗora a ƙugun Fatihu, daidai inda yake riƙewa bara a kan jinga, yana ɗan murzawa. Bai ɗauke hannun ba har muka isa tudu.